Wa Zai Ba Hausawan Agege Labarin Unguwarsu?

Daga Agege zuwa Alagbado, inda kamfanin DAAR Communications na marigayi Raymond Dokpesi ya buɗe tashar AIT a 1996, ba wata tafiya ba ce. Agidingbi ma, mazaunin tashar LTV da Gwamna Lateef Jakande ya kafa a 1980, tana nan kusa. Amma ka zauna a teburin mai shayi a Zangon Agege bayan Isha'i, za ka tarar akwatin talabijin yana kan ƙwallon Turai ko Arewa24, ana kallon Daɗin Kowa. Tashoshin da ke maƙwabtaka da Hausawan unguwar yawanci Yarbanci da Turanci suke yi, wadda ke magana da harshensu kuwa hankalinta na Arewa. Labarin kwatar da ta toshe a layinsu ko na harajin da aka ƙara wa mahautan Oko-Oba, a bakin mutane kawai suke jin sa.

Wannan giɓi kamfani mai tashoshi a garuruwa da yawa ne zai iya cike shi, kuma ba baƙon tsari ba ne. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na Jihar Arewa, BCNN, wanda ya tafiyar da Rediyo da Talabijin Kaduna. A 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin talabijin ƙarƙashin NTA, sai a 1992 dokar soja mai lamba 38 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Amfanin tsarin a lissafi yake. Wasan kwaikwayo ɗaya ko tafsirin azumi ɗaya ana shirya shi sau ɗaya a haska a duk rassa, kamfanin waya ko na sabulu ya sayi talla wuri ɗaya ta zagaye ko'ina, rarar kuwa ta ɗauki nauyin abin da ya fi tsada kuma ya fi amfani, wato ɗan rahoton da zai shiga kasuwar Mile 12 da asuba ya ga kwandon tumatir nawa aka sauke, nawa aka sayar.

Za a ce kasuwar masu jin Hausa a Legas ba ta kai ba. Mai faɗin haka bai duba wanda ke kawo wa Legas shanu da albasa da tattasai ba, bai kuma ƙirga 'yan canji da dillalai ba. Duk masu sayayya ne, kuma mai talla bai taɓa ƙyamar kuɗin kowa ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce tsoron kada tashar ta zama bakin ƙabila ɗaya a garin da ya ga rikicin Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016. Tsoron na da tushe, sai dai a irin waɗannan ranaku jita-jita ce ke cika wurin da labari bai kai ba, yau kuma a WhatsApp take yawo, babu edita, babu mai tuhuma. Tasha mai lasisin hukumar kula da kafofin watsa labarai, NBC, tana da adireshi, ana iya tuhumar ta. Ko dokar hana acaba da gwamnatin Legas ta soma aiwatarwa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni, 2022, ta shafi ɗimbin 'yan Arewa waɗanda da Hausa kaɗai bayaninta zai shige su sosai.

Ba sai an gina sabuwar tasha ba tukuna. Awa ɗaya kullum ta labaran Legas da Hausa, a kan tashar da ke aiki yanzu, ta isa a gwada. Sarkin Hausawan Agege da shugabannin kasuwanni su je wa masu tashoshin da wannan buƙata, kuma su tafi da alƙawarin talla a hannu.