Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Labarin Garin Palm Springs

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani gari a tsakiyar hamada wanda a ke kira Palm Springs. Tsakaninsa da birnin Los Anjalas mil ɗari ne da 'yan kai, yana kuwa kwance a gindin wani dutse wanda tsayinsa ya haura ƙafa 10,800. Daga Yuni zuwa Satumba zafin garin ba ya misaltuwa, har a Yulin 2024 ma'aunin zafi ya kai 51. Amma da hunturu, sa'ad da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin ƙasar, nan sai rana mai daɗi da iska busasshiya. Wannan ya sa ya zama wurin hutun attajirai da mawaƙa da 'yan wasan silima.

Ganin gidajen waɗannan mashahuran mutane ya zama sana'a a garin. Baƙo ya kan biya kuɗi ya shiga ƙaramar mota tare da 'yan'uwansa baƙi, ga ɗan jagora yana bayani, a bi da su unguwa-unguwa. Mafi yawan gidajen daga ƙofa a ke hangensu, domin masu su na dā sun ƙaura, waɗansu ke ciki yanzu, sun kuwa kewaye kansu da katanga da shinge. 'Yan jagora su kan ce abin da ya jawo 'yan wasa nan shi ne, kamfanonin silima na Holiwud sun sharɗanta musu kada su yi nisan da ya wuce tafiyar sa'a biyu, don in an neme su a same su.

Gidan da a ka fi tambaya shi ne na mawaƙi Frank Sinatra, wanda magini E. Stewart Williams ya zana aka gina a 1947. Ginin ƙasa ne shimfiɗaɗɗe mai yawan gilashi, a tsakar gidan kuma akwai tafkin wanka mai siffar abin kiɗan nan da Turawa ke kira piyano. Sinatra bai wuce shekara goma da gidan ba ya sayar, ya rasu a 1998. Akwai kuma gidan da Elvis Presley ya kama haya a 1966 a kan dala 21,000 shekara guda, nan ya yi angwanci a watan Mayu na 1967. Sai gidan Edgar Kaufmann, wani babban mai kanti na birnin Pittsburgh, wanda Richard Neutra ya zana a 1946, ɗaliban gini na zuwa daga ƙasashe don su gan shi. A bisa tudu kuwa ga gidan ɗan barkwanci Bob Hope, mai rufi kamar ƙatuwar malfa. 'Yan kasuwa za su so su ji yadda cinikinsa ya kasance: bayan rasuwar mai shi aka sa masa dala miliyan 50 a 2013, ya daɗe ba mai taya, har aka sallama a miliyan 13 a 2016. Ashe sunan mai gida ba ya bin gida zuwa kasuwa.

To, wannan shi ne abin da ido ke gani daga tagar mota. Amma labarin ƙasar da gidajen su ke kai ya fi nasu tsawo da nauyi.

Tun kafin Bature ya taka wurin, wata al'umma ce ke zaune, sunanta Kawiya, Turawa na rubutawa Cahuilla. Suna daga mutanen asali na ƙasar, waɗanda a ka laƙaba wa suna Indiyawa. A tsakiyar garin akwai marmaro mai ruwan zafi, a cikin kwazazzaban dutse kuma akwai itatuwa masu kama da giginya. Daga waɗannan biyu garin ya sami sunansa. A zamanin da a ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, Gwamnatin Amurka ta yanka ƙasar gida-gida kamar dara, ko wane gida mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi. Gidaje masu lamba mara ta ba kamfanin jirgi, masu lamba cika kuwa ta keɓe wa Kawiya a 1876 da 1877. Bature na farko da ya kafa gida, John McCallum, ya zo a 1884 domin ɗansa na fama da tarin fuka. Ɗakinsa na tubalin laka yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi. A 1909 wata mace, Nellie Coffman, ta buɗe masauki don masu ciwon ƙirji, shi ne daga baya ya zama babban otal.

Garin ya bunƙasa, amma rabon Kawiya ya zauna ba gini na kirki, saboda doka ta hana su ba da hayar fili sai na ɗan gajeren lokaci, ba kuwa attajirin da zai zuba dukiya a filin da za a karɓe bayan shekara biyar. A 1954 suka zaɓi majalisa wadda mata ne zalla, shugabarsu Vyola Olinger. Matan nan suka yi ta kai da kawowa zuwa Washinton, har a 1959 aka yarda da haya ta shekara 99.

Nan fa ƙasa ta yi daraja, nan kuma masifa ta auka wa talakawa. A tsakiyar garin akwai wani gida daga gidajen darar nan, mai lamba 14, mallakar Kawiya. A cikinsa ma'aikatan garin su ke zaune, watau kukumai da barori da magina da masu ban ruwan lambu, yawancinsu baƙaƙen fata da mutanen Meziko, domin ba a sayar musu da gida a unguwannin Turawa. Su ke share gidajen da a ke nuna wa baƙi yau. Da filin ya yi tsada aka tashe su, hukumar gari ta sa aka rushe gidajensu aka cinna musu wuta, abin ya fi tsanani a 1965 da 1966. Binciken da ofishin babban lauyan jihar ya yi a 1968 ya nuna an rushe waɗansu gidajen masu su na wurin aiki, kayansu na ciki. Su ma Kawiya ba su tsira ba: kotu ta naɗa musu wakilai masu riƙon dukiya, waɗansu wakilan suka yi ta yankar lada mai yawa, har wata jarida ta lardin ta tona asirin, aka ba ta lambar girma ta Pulitzer a 1968.

Haƙƙi ya daɗe kafin a waiwaye shi. A 2021 majalisar garin ta nemi gafara, a Nuwamban 2024 kuma ta yarda ta biya dala miliyan 5.9 ga waɗanda suka rage da zuriyarsu. Mai karatu ya gwada wannan da kuɗin gidan Bob Hope shi kaɗai.

Kawiya kuwa su ne suka fi kowa fili a garin yau. Gidaje da otal-otal masu yawa a kan ƙasarsu su ke, masu ginin na biyan su haya, watau gini naka, ƙasa tasu. A 2023 suka buɗe gidan tarihinsu da wurin wanka a bakin marmaron kakanninsu.

Saboda haka wanda tafiya ta kai shi garin, in ya gama hangen katangun mawaƙa, ya kamata ya sauka daga mota ya taka zuwa marmaron nan, ya tambayi inda lamba 14 ta ke. Mawaƙan sun zo da hunturu sun tafi, gidajensu sun shiga hannun dillalai. Masu ƙasa suna nan inda a ka same su. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.