Shin Ko Kun San? Sirrin Lambar Da Ke Saman Rasit

Shin ko kun san cewa lambar nan ta saman takardar neman biya, irin INV-000457, sau da yawa ba haka take zaune a cikin kwamfuta ba? A rumbun bayanai 457 ce tsirararta. Haruffan da sifirin riga ce ake sa mata in za a buga. Shi kuwa tsarin ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna, Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya fito da shi a 1970.

Sifirin ba ado ba ne. In kwamfuta ta ɗauki lamba a matsayin rubutu, harafi bayan harafi take bi, sai ta sa INV-10 a gaban INV-9. Da an daidaita tsawonsu, kowace ta koma layinta.

Amma ga tarko, kuma shi ya fi damuna. Umarnin LPAD da ake cika sifiri da shi a rumbunan bayanai na MySQL da PostgreSQL, in lamba ta fi gurbin da aka ware mata, datse ta yake yi shiru, ba gargaɗi. Wanda ya ware gurbi shida, ranar da ya kai rasit na 1,000,000 sai ya ga 100000, lambar da wani ya riga ya karɓa tuntuni.

Shin ko kun san maƙirgin da ke ba da lamba da kansa ba ya komawa baya? In ciniki ya rushe a tsakiya, lambar ta tafi ke nan: daga 457 sai 459. Rumbun bayanai na SQL Server na 2012 ma yakan yi tsalle kusan 1,000 in an sake kunna shi. Injiniya bai ga laifi ba, amma mai binciken haraji zai tambayi ina 458 ta shiga. Dokar harajin VAT ta Tarayyar Turai ta 2006 ta wajabta lamba a jere, Faransa kuma ta ce ba giɓi. Shi ya sa masu hattara ke ware wa maƙirgin teburinsa, su kulle shi sai ciniki ya kammala, ko da aiki zai ɗan yi nawa.

Akwai wasu iyakokin kuma: a rumbun bayanai, gurbin lamba irin INT ba ya wuce 2,147,483,647. Excel kuwa, in ka ba shi 000457 zai cinye sifirin, kuma abin da ya haura alƙaluma 15 sifiri yake mayar da shi.