Zaƙi da Ɗaci: Sunan "Ciwon Sukari" a Ma'aunin Binciken Asibiti da Ɗakin Gwaje-gwaje

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan raɗa wa cuta suna daga abin da idonsa ya gani ko jikinsa ya ji. Sanƙarau ya samo sunansa daga sanƙarewar wuya, "ciwon sukari" ko "ciwon siga" kuwa daga zaƙin da ke fita a fitsarin majinyaci, har kiyashi su taru inda ya tsuguna. Ba Bahaushe kaɗai ya bi wannan hanya ba. Tsofaffin likitocin Indiya sun kira cutar "fitsarin zuma", kuma a 1776 Matthew Dobson na Ingila ya ƙafar da fitsarin majinyaci ya tarar da sukari a ƙasan mazubi. Sai dai sunan ya tsaya ne a kan alama, bai taɓa tushen cutar ba. Wannan muƙala ta duba tazarar da ke tsakanin abin da sunan ke gaya wa mai ji da abin da bincike ya gano, tare da la'akari da yankin Sakkwato da Kabi.

2.0 Inda Cutar Take a Jiki

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda masu fassara kan rikita ta da saifa, alhali gaɓoɓi ne daban. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire ta daga cikin kare, sai karen ya kamu da ciwon sukari. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tatso sinadarin insulin daga gare ta a Toranto ta Kanada, aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa a Janairun 1922. Insulin na cikin sinadaran da ake kira homon, wato 'yan aiken da wata gaɓa ke zubawa cikin jini su kai umurni ga wasu gaɓoɓi. Umurninsa shi ne tsoka da kitse su karɓi sukarin da ke jini, hanta kuma ta dakatar da sakin nata. Idan insulin ya ƙare baki ɗaya, shi ne nau'i na 1. Idan yana nan amma jiki ya daina sauraronsa, har gaɓar ta gaji da ƙarin aiki, shi ne nau'i na 2, wanda ya ƙunshi kimanin kashi 90 cikin 100 na masu cutar a duniya.

A nan sunan ke fara ɓatar da mai shi. Wanda aka ce yana da ciwon sukari yakan daina zuba sukari a shayi da koko, ya ɗauka ya fita haƙƙin magani, alhali tuwon shinkafa da burodi da fura duk suna narkewa su zama sukari a jini, ko da harshe bai ji zaƙinsu ba.

3.0 Alƙaluman Arewa Maso Yamma

Anas Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulani mazauna birnin Sakkwato, suka buga sakamakon a 2011: kashi 4.6 cikin 100 na da cutar. A 2013 suka buga na Fulanin karkara: kashi 0.8 kacal. Mutanen da aka auna ɗaruruwa ne kaɗan a kowane rukuni, don haka bai kamata a ɗora wa alƙaluman kayan da ya fi ƙarfinsu ba. Duk da haka, al'umma guda ce, addini guda, ƙasa guda, amma zaman birni ya ninka cutar fiye da sau biyar. Abin da ya sauya shi ne tafiyar ƙasa da aikin ƙarfi da cima da ƙibar ciki. A 2018 Andrew Uloko na Kano da wasu masana suka tattara binciken da aka yi a faɗin Nijeriya, suka ƙiyasta kashi 5.77 ga ƙasa baki ɗaya, Arewa maso Yamma kuma kashi 3.0, mafi ƙaranci a shiyyoyi shida. Garuruwan kasuwa irin Jega da Aliero, inda babur da zaman rumfa ke maye gurbin sawu, suna tsakanin waɗannan rukunai biyu ne, ƙauyuka irin Liba ta Maiyama kuwa sun fi kusa da na karkara.

Ƙarancin nan na karkara shi ke ƙarfafa zancen da ake yi cewa cutar ta masu hali ce. Amma tun 1955 aka bayyana wani nau'i a Jamaika wanda ke kama matasa ramammu da suka tashi cikin ƙarancin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rabe-rabenta a 1985, ta cire shi a 1999 saboda ƙarancin hujja, sai a Afrilun 2025 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta amince da shi a taronta na Bankok da sunan nau'i na 5. Yaron da tamowa ta taɓa yana iya girma da gaɓar da ba ta samar da isasshen insulin. Ciwon "sukari" ke nan da yunwa ta haifa, abin da sunan ba zai taɓa kawo wa mai ji a rai ba.

4.0 Ɗaci Maganin Zaƙi

A tunanin magani na Bahaushe, zaƙi ba ɗanɗano ne kawai ba. Akwai "zaƙi" da ake jin yana taruwa a jikin mai juna biyu ya wahalar da naƙuda, har a ba ta jiƙe-jiƙe don ta zubar da shi. Da ciwon sukari ya shigo da wannan suna, sai ya tarar da gurbi a shirye: abin da zaƙi ya ɓata, ɗaci ne zai gyara. Shi ya sa shiwaka da garahuni da dogon yaro da ɓawon maɗaci suka yi fice a bakin masu magani, sai zogale da ke biye.

Sassan kimiyyar sinadaran jiki a jami'o'in yankin, har da Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, sun mai da gwajin irin waɗannan tsirrai abin yi na yau da kullum, kuma manazarcin al'ada kan ci karo da sakamakonsu ya kafa hujja da shi. Ya kamata a san yadda ake gwajin. Ana yi wa ɓeraye allurar wata guba, aloksan ko makamanciyarta, wadda ke kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin. Idan sukarinsu ya hau, sai a kasa su rukuni-rukuni: wasu a ba su ruwan tsiron da aka tace bisa nauyin jikinsu, wasu maganin asibiti, wasu a bar su haka, a riƙa auna jininsu na 'yan makonni. Sau da yawa sukarin kan sauka, kuma wannan sakamako ne na gaskiya. Iyakarsa ce ake mantawa. Ɓeran da aka kashe masa ƙwayoyin insulin ya fi kama da mai nau'i na 1, alhali ɗan kasuwar da zai sha jiƙon mai nau'i na 2 ne. Wasu ɓerayen aloksan kan murmure da kansu. Sukari kan sauka don dabbar ta daina ci, ko don hantarta ta taɓu. Makonni uku kuma ba sa nuna abin da shekara goma za ta yi wa ƙoda. Jumlar "bincike ya tabbatar da cewa shiwaka na warkar da ciwon sukari" ta zarce abin da gwajin ya faɗa nesa ba kusa ba.

Wannan ba raina tsiro ba ne. Metformin, ƙwayar da ake fara ba mai nau'i na 2 a ko'ina, asalinta wani tsiro ne na Turai da masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi. Sinadarin farko da aka ciro daga gare shi ya yi guba da yawa, sai a 1957 Jean Sterne na Faransa ya buga gwajin metformin a jikin majinyata. Matakin nan na gwaji a jikin mutane, da awo sananne da sa ido kan illa, shi ne mafi yawan tsirran ƙasar Hausa ba su kai ba tukuna. Kafin su kai, haɗarin da ke kusa shi ne majinyaci ya haɗa jiƙo da ƙwayar asibiti bai gaya wa likita ba, sukarinsa ya faɗi ƙasa warwas, ko ya ajiye allurar insulin don an yi masa alkawarin waraka.

5.0 Ma'auni da Harshen Ma'auni

Ana tabbatar da cutar idan sukarin jini ya kai milimol 7.0 a lita bayan awa takwas ba ci, ko 11.1 awa biyu bayan shan ruwan gulukos giram 75. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara da gwajin HbA1c, wanda ke auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, aka sa iyakarsa a kashi 6.5. Gwajin ya dogara ne ga cewa ƙwayar jini na rayuwa kimanin kwana 120. Ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, kuma zazzaɓin cizon sauro ma na farfasa ƙwayoyin. A irin wannan jini, gwajin na iya nuna lafiya inda babu ita.

Gwajin farko ma yana da nasa tarko, na harshe. Akan fassara sharaɗinsa da "azumi", a ce wa mutum ya zo gobe da azumi. Azumi a kunnen Musulmi yana farawa ne da sahur, yana kuma hana ruwa. Wanda ya taso daga Liba, ya ci sahur kafin asuba, ya isa Asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kabi da hantsi, bai cika awa takwas ba, ga shi kuma da ƙishirwar da gwajin bai nema ba. Abin da ɗakin gwaji ke nufi shi ne a ci abincin dare, a kwana, a sha ruwa idan ana so, a zo kafin a karya kumallo.