Yadda Ake Koya wa Matuƙin Jirgin Yaƙi Barin Jirginsa

Mazauna unguwannin da ke kewaye da filin jirgin saman Kano sun saba da rurin jiragen L-39 na makarantar horar da matuƙa ta 403 ta Rundunar Sojin Saman Najeriya. Ɗaliban da ke cikinsu sai da suka bi ta makarantar 401 a Kaduna, inda ake fara ɗora su a kan ƙananan jirage masu farfela irin Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan. Mai kallo daga ƙasa, idan ya ga jirgi ya kife yana tafiya ciki a sama, ko ya yi alkafura ya dawo, sai ya ɗauka burga ce. Alhali kuwa a nan ake koya wa yaro yadda zai tsira da ransa ranar da jirgi ya ƙi jin magana.

Abu na farko da alkafura ke koyarwa shi ne halin da jiki ke shiga. Idan jirgi ya karya kwana da gudu, nauyin mutum yakan ninku. A manyan jiragen yaƙi yana kaiwa ninki 9, wato mai kilo 70 zai danne kujera kamar mai kilo 630. Jini ya gangara ƙafafu ya bar ƙwaƙwalwa, gani ya dusashe, ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, sai duhu, sai suma. Wanda bai saba ba yana iya sumewa tun a ninki 5. Shi ya sa ake sa musu wando na musamman da ke kumbura da iska ya matse cinya da mara, a kuma koya musu ɗaure tsokar ciki da ta ƙafa tamau, suna fizgar numfashi a gajarce duk bayan daƙiƙa uku. Ba a son ɗalibi ya fara gamuwa da wannan duhun a fagen fama.

Sai kuma hajijiya, wadda ta ci matuƙa da yawa tun farkon tarihin jirgi. Idan iska ta daina ɗaukar fiffike, jirgi yakan sunkuyar da kai ya riƙa juyawa yana faɗowa. Zuciya za ta ce ka ja sandar tuƙi baya don ɗaga hancinsa, kuma wannan ne ke ƙara dagula lamarin. Ƙa'idar da aka fi koyarwa ita ce a sauke totur, a tsayar da sanda a tsakiya, a taka feda ta ɓangaren da ya saba wa juyin, sannan a tura sandar gaba, wato wajen ƙasar da kake tsoro. Malami yakan kai ɗalibi can sama ya jefa jirgin cikin hajijiya da gangan, sau da yawa, har hannu ya riga tunani.

Haka abin yake a sauran matsalolin gaggawa. Akwai matakan da dole a haddace su kalma da kalma: wuta a inji, mutuwar inji bayan tashi, ƙin fitowar taya. Kafin a tashi ana iya tsayar da ɗalibi a gaban 'yan'uwansa ya kawo hadda, idan ya yi tuntuɓe ranar ba zai hau jirgi ba. A sama kuma malamin da ke tare da shi yakan janye totur ba zato, ya ce inji ya mutu, ina za ka sauka? Tsarin ba ya canzawa: riƙe jirgi tukuna, san inda ka dosa, magana a rediyo ita ce ta ƙarshe.

Darasin da ya fi wuya, a ganina, shi ne na fita. Kujerar jirgin yaƙi tana da nakiya da roka a ƙarƙashinta. Jamusawa ne suka fara amfani da irinta a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma kamfanin Martin-Baker na Ingila ne ya yi fice a kanta. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, James Martin, ya duƙufa kan aikin ne bayan abokin aikinsa Valentine Baker ya mutu a gwajin jirgi a 1942, kuma a Yulin 1946 wani ma'aikacinsa, Bernard Lynch, ya yarda aka harba shi daga jirgin Meteor yana tafe. Kamfanin ya ce kujerunsa sun ceci mutum fiye da 7,000. Na zamani suna iya ceton matuƙi ko da jirgi na tsaye a ƙasa.

Amma kujera ba ta yi wa kowa a hankali. Ƙarfin harbin yakan haura ninki 12 na nauyin jiki, don haka ake maimaita zaman: kai a jingine, baya a miƙe, gwiwar hannu a manne da jiki, sannan a finciki mariƙin da ke tsakanin cinyoyi. Wanda ya ranƙwafa yana iya tsira da rai ya rasa lafiyar gadon baya. Sauran aikin kujera ke yi da kanta: rufin ya tashi ko ya fashe, ƙaramar laima ta daidaita ta, ta saki mutum, babbar laima ta buɗe. Abin da inji ba zai yi ba shi ne yanke shawara. Masu binciken haɗari sun daɗe suna kokawa da jinkiri: matuƙi na kunyar a ce ya yar da jirgin biliyoyi, ko yana ganin saura ƙiris ya shawo kansa. Saboda haka ake yanka masa tsayi tun a ƙasa, a ce idan ka sauko nan jirgi bai dawo hannunka ba, fita, babu shawara.

Dirar kuwa a kan yashi ake koyon ta, daga ɗan dandamali. Ƙafafu a haɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, sai a zube gefe guda: sha-raɓa, cinya, ƙugu, gefen baya, don bugun ya rarrabu. Ana kuma koyon kwance laima da sauri kada iska ta ja mutum a ƙasa, da yadda ake zamewa daga ƙarƙashinta idan a ruwa aka faɗa.

Mun ga duka fuskokin abin a gida. A Satumban 2018 jirage biyu ƙirar F-7 sun yi karo a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai. Matuƙa uku suka fice, ɗaya ya rasu. A Yulin 2021 kuma 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet a Zamfara. Matuƙinsa, Flight Lieutenant Abayomi Dairo, ya harba kansa waje ya dira da laima a yankin da suke iko da shi. Rundunar Sojin Sama ta ce ya yi ta ɓuya har duhu ya yi, sannan ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya har ya isa wani sansanin sojan ƙasa.