Dokar Sassauta Lokacin Aiki a Birtaniya: Iyaye Sun Sami Sauƙi Kuwa?

Duk magidancin da ke aikin albashi ya san wahalar haɗa agogon ofis da agogon gida. Ana tashi daga makaranta tun ba a tashi daga aiki ba, yaro kuma ba ya duba ranar hutu kafin zazzaɓi ya kama shi. Wannan damuwa ce ta sa ƙasar Birtaniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Afrilu na 2003, domin iyaye su iya neman a sassauta musu lokacin aiki.

Da farko dokar ta shafi masu 'ya'ya 'yan ƙasa da shekara 6 ne kawai, da masu 'ya'ya naƙasassu 'yan ƙasa da shekara 18. A 2007 aka haɗa da masu jinyar manya, a 2009 aka kai ga masu yara har shekara 16. A 2014 sai aka buɗe ƙofa ga kowane ma'aikaci da ya cika mako 26 a wurin aikinsa. Daga ran 6 ga Afrilu, 2024, mutum na iya miƙa buƙatarsa tun ranar da ya kama aiki, har sau biyu a shekara, kuma dole mai kamfani ya ba da amsa cikin wata biyu. Abin da ake nema ya bambanta: wani a rage masa sa'o'i, wani ya fara da wuri ya tashi da wuri, wata ta yi wasu ranaku daga gida, wasu kuma mutum biyu su raba aikin mutum ɗaya.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Dokar ta ba ma'aikaci ikon roƙo ne, ba ta ce dole a ba shi ba. Akwai dalilai 8 da mai kamfani zai iya kafa hujja da su ya ƙi, kamar ƙarin kashe kuɗi, ko rashin wanda zai ɗauki ragowar aikin, ko gudun kada masu ciniki su rasa biyan buƙata. Wanda ya kai ƙara kotun ma'aikata, abin da za a duba shi ne ko an bi ƙa'ida wajen ƙin. Ko ya yi nasara, diyyar ba ta wuce albashin mako 8 ba.

Saboda haka ne masu bin diddigin dokar suke shan wuya. Doka ba ta tilasta wa kamfanoni su bayyana yawan buƙatun da suka karɓa da waɗanda suka ƙi ba. Sai dai a bi ma'aikata da tambayoyi. Gwamnati ta yi irin wannan bincike sau da dama, inda aka ga cewa yawancin masu roƙo suna samu, kuma mata sun fi maza nema. A 2019 kuwa, babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasar, wato TUC, ta ce binciken da ta sa aka yi ya nuna ana ƙin kusan buƙata ɗaya cikin uku.

Akwai kuma waɗanda ba sa shiga lissafin kowa. Uwar da ta haɗiye buƙatarta don tsoron kada a ce ba ta da himma, ba a rubuta ta cikin waɗanda aka hana ba. Haka uban da ya ji kunyar faɗa wa shugabansa cewa shi ne zai ɗauko yara. Wadda aka rage wa sa'o'i, sannan aka riƙa tsallake ta lokacin ƙarin girma, a takarda ta samu, amma ta biya da tsada. Sa'an nan aiki daga gida ya fi yi wa ma'aikacin ofis daɗi. Nas da direba da mai gadi ba za su iya ɗauke aikinsu su kai ɗaki ba.

A nan Nijeriya ma muna da tanadi a rubuce. Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a rana domin shayar da jariri. Jihar Legas a 2014, da Jihar Kaduna a 2019, sun mai da hutun ma'aikatansu mata wata 6. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacinta da aka yi wa haihuwa. Wa ke zagawa ya ga ko mai shayarwa tana samun wannan rabin sa'a?

'Yan'uwa, wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye, gama ikilisiya ma tana ɗaukar ma'aikata. Muna da makarantu da asibitoci da ofisoshi, cike da malamai da ma'aikatan jinya masu goyo. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da ƙarfi a kan hakkin kula da iyali, kuma daga bagadi muke wa'azin wannan kowace Lahadi. Bai kamata mu zama masu hana ma'aikatanmu cika abin da muke koya musu ba.

Ba sai an jira majalisa ba. Kwamitin makaranta ko na asibiti zai iya ajiye littafi: wa ya nemi sauƙi, me aka amsa masa, da wane dalili. A ƙarshen shekara dattawa su duba, su kuma tambayi mata nawa suka bar aiki bayan haihuwa. Zumuntar mata za ta iya jin abin da ba a faɗa wa shugaba a ofis, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ubangiji ya ba shugabanninmu kunnen ji da zuciyar tausayi. Amin.