Daga dutsen niƙa zuwa buhun fulawa: Yadda Injamena ke cika cikinta

Duk wanda ya taɓa kwana a Injamena ya san cewa tun kafin rana ta ɗaga ƙarar injin niƙa ke tashi a unguwanni, yara mata sun jera kwanuka da robobi cike da surfaffen gero da dawa, kowace na jiran layi ya zo kanta. A daidai lokacin kuma masu babura ke fitowa daga gidajen burodi da dogayen sandunan burodi irin na Faransa. Gari iri biyu ke nan ke ciyar da birnin, ɗaya daga gonakinmu, ɗaya kuwa daga bayan teku. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihinsu, domin duk ɗan kasuwar da ke ɗaukar buhu tsakanin Gamboru da Kusiri da Injamena yana cikin wannan labari.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dutsen niƙa kansa tsohuwar hajar fatauci ce a wannan yanki. Ƙasar kudancin Tafkin Chadi laka ce zalla, mutum zai yi tafiyar kwanaki bai ga dutse ba. Amma da wani masani mai suna Graham Connah ya haƙa tudun Daima kusa da Ngala a shekarun 1965 da 1966, sai ya tarar da duwatsun niƙa na mutanen dā. Bincike ya nuna an ɗauko wasu duwatsun wurin daga tsaunukan Mandara, wasu kuma daga Hajar el-Hamis da ke arewa da Injamena. Ashe tun kafin a shata iyaka, akwai masu ɗauko dutse daga nesa saboda tuwo.

Har bayan da Faransawa suka kafa Fort-Lamy a 1900, birnin da aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973, aikin hatsi na hannun mata ne. A sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a bakace dusa, a wanke, sannan a durƙusa gaban dutsen da Larabawan Chadi ke kira murhaka. Daga wannan garin ake tuƙa esh, wato tuwonmu ke nan, a ci da miyar kuɓewa, ko a yi kisra mai laushi kamar takarda, ko a dama madide, wanda mu muke kira kunu. Banda gero da dawar damina, akwai berbere, wadda 'yan Borno suka sani da masakwa. Ana dasa ta ne bayan ruwa ya janye, a girbe ta da sanyi, kuma yankin Salamat ya yi suna wajen nomanta. Ita ce ke shigowa kasuwa lokacin da hatsin damina ya fara ja baya.

Alkama kuwa ba baƙuwa ba ce, an daɗe ana nomanta a fadamun bakin tafki wajen Bol, inda manoma ke datse ruwa su shuka a dausayin. Bayan samun 'yancin kai a 1960, hukuma ta yi shirin ciyar da birnin da alkamar gida. A 1967 aka kafa hukumar raya yankin tafki, SODELAC, domin ta tsara noman ta kuma kai amfanin ga babban kamfanin niƙa na Grands Moulins du Tchad da ke babban birnin. Sai dai alkamar da ake samu ba ta taka kara ta karya ba, ga fārin shekarun 1970 da ya sa tafkin ya ja da baya. Da yaƙin basasa ya ci birnin a 1979 da 1980, jama'a suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kusiri, injinan kamfanin suka yi tsit.

Bayan yaƙin, burodin birnin ya koma dogaro da fulawar da ake shigowa da ita. Buhu mai kilo 50 zai sauka ko a niƙa shi a Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ya bi tirela, ya ratsa Garwa da Marwa, ya tsallaka gadar Ngeli da aka gina kan kogin Logone a 1985. Tafiyar ta kusan kilomita 1,800, kuma kowane shinge da kowane ramin hanya yana da kasonsa a kuɗin burodi. Ɗaya hanyar ita ce ta Maiduguri zuwa Gamboru da Fotokol.

Tsofaffin 'yan kasuwa ba za su manta da 1987 ba, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama Najeriya, fulawa ta riƙa bin ɓarauniyar hanya daga maƙwabta zuwa can, har aka ɗage dokar a 1992. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. A 2014 rikicin Boko Haram ya toshe hanyar Gamboru na tsawon lokaci. A 2022 kuma yaƙin Rasha da Yukiren, ƙasashe biyu da ke kan gaba wajen sayar wa duniya alkama, ya haɗu da ƙarancin amfanin gona a gida, har gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yuni na shekarar. A irin waɗannan lokuta ko kuɗin burodi ya hau, ko sandar ta rame.

A duk wannan faɗi-tashi, abin da ke riƙe da gidajen talakawa shi ne kwanon awo na koro a kasuwar gero da ta Dembe, da ɗan injin niƙa na unguwa mai shan man gas. Shi ne ya raba iyayenmu mata da kantar hannu da ciwon baya. Shi ma yana da nasa ciwon, don idan mai ya yi tsada ko bel ya tsinke, tuwon dare kan makara.

Ba muna cewa a daina fataucin fulawa ba ne, birni ya riga ya saba da shayi da burodi. Amma mai jari ya tuna cewa farashin fulawa a hannun wasu yake, na gero da berbere kuwa ana iya karanta shi tun daga gona. Wanda ya raba ƙafa tsakanin buhunan biyu, ya kuma kula da rumbunsa daga ƙwari da danshi, ba ranar da rufe gada za ta durƙusar da shi. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma sa kasuwa ta yi kyau.