Uwargida, Kada Ki Sallama Tsohon Kuɗi Sai Kin San Darajarsa

Yau zancenmu a kan tsofaffin kuɗin nan ne da ke ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudun iya ko na kaka. Da wuya ki shiga tsohon gida a birnin Zariya, daga Kwarbai har Limancin Kona, ki rasa anini ko kwabo mai huji ko liyari. To, akwai masu sha'awar tara irin waɗannan, har gwanjonsu ake yi a Landan da kuma ta intanet. Saboda haka wata rana dillaliya za ta yi miki sallama ta ce ana nema. Nawa za ki ce mata?

Abu na farko da za ki riƙe shi ne, tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi tsada. Abu uku ake dubawa: ƙarfen da aka yi shi da shi, da ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa.

Mu fara da ƙarfe. A 1913 aka fara kawo mana taro da sisi da sule da fataka na Afirka ta Yamma, kuma har 1919 kusan azurfa zalla ne. Daga 1920 aka rage azurfar, sannan aka koma farin tagulla mai ruwan ɗorawa. Ke nan sule biyu masu hoton bishiyar kwakwa iri ɗaya, ɗaya na da nauyin azurfa, ɗaya babu. Ki dubi shekarar. Anini da ɗari da kwabo masu huji kuwa, masu tauraro da rubutun Larabci, ba azurfa a cikinsu ko kaɗan. Haka kuɗin Nijeriya na 1959, da kwabon da ya zo tare da naira a 1973.

Sai ƙaranci, kuma a nan ake cutar mata da yawa. Liyarin nan mai hoton mace da kakanninmu ke ratayawa a wuya, za ki ga an rubuta 1780 a jikinsa. Shekarar da sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, ta mutu ke nan. Amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗin, miliyoyi barkatai, har cikin zamaninmu. Kada wani ya ce miki naki ya shekara 200 don haka ki biya kuɗin gona. Haka kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8, wanda ya yi murabus bai cika shekara ba. Labarinsa da daɗi, amma an buga shi da yawa, ba shi da wuyar samu.

Na uku, lafiyar jiki. Mu mata mun saba da goge kwano da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli. Kada ki yi wa tsohon kuɗi haka. Masu tarawa sun fi son shi da duhunsa, gogewa tana ƙarce shi ta karya masa daraja. Wanda aka huda don sarƙa, ko aka liƙa masa kunne, ko rubutunsa ya shafe, yawanci sai dai a saya a kan nauyi.

Yanzu ga lissafi, kuma 'yan makaranta ku taimaki iyayenku a nan. Liyari na gaskiya nauyinsa wajen giram 28 ne, azurfar da ke ciki wajen giram 23. Fam ɗin zinariya na Ingila bai cika giram 8 ba da kaɗan, karat 22. Ki aika wurin maƙeran azurfa ko masu gwal biyu ko uku, a auna, a tambayo nawa giram yake a ranar, ki ninka. Abin da ya fito shi ne ƙasan farashi. Duk wanda ya taya ƙasa da haka sosai, ki ce albarka. Ki gwada da maganaɗisu kuma: in ya kama, ba azurfa ba ce, ba zinariya ba ce. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, sai an auna.

In kuwa ke ce mai saye a gwanjo, ki yanke iyakarki tun daga gida, ki rubuta a takarda. Ki tuna akwai la'adar masu gwanjo a kan abin da kika taya, a manyan gidajen gwanjo na Turai takan kai kashi 20 cikin 100 ko fiye, ban da kuɗin aikowa. Ki lura da masu taya abu ba da niyyar saye ba, don kawai su ingiza ki, abin da shari'a ta hana. Kuma farashin da kika ga wani ya yi wa kayansa a intanet buri ne kawai. Wanda aka sallama a kai shi ne farashi, shi za ki bincika.

Daga ƙarshe, in kayan na mamaci ne, gado ne, kada ki sayar sai da sanin magada. Ki sanar da maigida ko wani babba ya shaida cinikin. Mai gaggauta ki ya ce yau ko a fasa, ki bar shi ya fasa. Kuɗin da ya shekara 100 a adudu ba zai ruɓe kafin jibi ba.

Allah ya tsare mu da cuta da cutarwa, amin.